Filin Turanci: taurin kai ne ko jajircewa?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu kan abu ɗaya suka faɗo, wato kalmomin da Turawa ke kwatanta mutumin da in ya riƙe abu baya saki, shi yasa na haɗa su waje guda. Waɗanda suka tambayi wasu abubuwan su ɗan yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malama, barka da ƙoƙari. Dan Allah ki raba mana gardama. Na cike fom ɗin neman aiki, a inda aka ce mutum ya faɗi halinsa sai na rubuta "I am a very stubborn person", nufina in na sa abu a gaba bana barinsa sai naga ƙarshensa. Yayata ta karanta tace maza in goge wai zagin kaina na yi, ni kuma na duba dikshinarin wayata naga har da determined a cikin bayanin kalmar. Waye da gaskiya a cikinmu? Daga wani ƙaninki mai neman aiki.

AMSA: Wa alaikassalam ƙanina. Yayarka ce da gaskiya, kuma ka gode mata sosai don ta tare maka abin da zai iya sa a ture takardarka gefe tun daga layin farko. Shi ma dikshinarin bai yi ƙarya ba, kai ne ka tsaya a kalma ɗaya baka ƙarasa layin ba, in ka koma zaka ga abin da ke biye da determined ɗin shine ƙin canza ra'ayi ko matsayi, wasu ƙamusan ma har su ƙara da cewa ko da an kawo wa mutum hujja mai kyau. Toh kaga wannan ai taurin kai kenan tsagwaronsa. Manajan da zai karanta fom ɗinka abin da zai zo masa a rai shine ga wani da za'a ce ya gyara aiki ya kafe yace shi dai haka ya iya, wa zai ɗauko wa kansa wannan?

Abin da nake so ka riƙe, da kai da duk mai karanta filin nan, shine Turanci yana da kalmomi rututu a kan wannan hali guda ɗaya, kuma in ka duba abin da mutumin ya aikata duk iri ɗaya ne, an so ya saki ya ƙi saki. Bambancin yana bakin mai magana. Kalmar da ka ɗauko ita ke tona ko kana bayansa ne ko haushinsa kake ji. Mu ma ai haka muke yi, wanda muke so sai muce ya jajirce, ya dage, ya yi tsayin daka, wanda ya ishe mu kuma muce taurin kai gare shi, ko kafiya, ko kunnen ƙashi, shi kuwa naci yana tsakiya, wani lokaci yabo wani lokaci ƙorafi. Masanin falsafar nan na Ingila Bertrand Russell ya taɓa nuna wannan a wani shirin rediyon BBC a 1948 da jimla uku gajeru, yace "I am firm, you are obstinate, he is a pig-headed fool", wato ni mai tsayawa kan magana ne, kai mai kafiya ne, shi kuma wancan wawa ne marar jin magana. Hali ɗaya ne fa, amma da yake na farko kansa yake nufi sai ya zaɓi mai daɗi, na biyu yana gabansa sai ya ɗan sassauta, na uku baya nan sai ya sauke masa kwandon duka.

Saboda haka a fom ɗinka ka sa determined, ita ce mafi aminci kuma babu wanda zai yi mata mummunar fahimta. In kana son wadda ta fi ta ɗan nauyi akwai tenacious, akwai resolute duk da ita ta fi zama a rubutu irin na manya da jawabin shugabanni. Ni dai shawarata kar ma ka tsaya a sifa kawai, don kowa determined yake rubutawa har ta zama kamar gaisuwa, gara ka kawo abu ɗaya da ka taɓa yi wanda ya ba ka wuya amma baka bari ba, ka faɗe shi a jimla biyu, a intabiyu ma shi za'a fi tambayarka.

Kar kuma ka ɗauka stubborn kullum zagi ce. In ta hau kan abu ba mutum ba, ko kan turjiyar wanda aka fi ƙarfi, sai ta koma kusan yabo, kamar stubborn resistance ga mutanen da aka kewaye suka ƙi miƙa wuya, ko stubborn defence a bakin masu sharhin ƙwallo in 'yan baya sun hana a ci su. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, lokacin yana lauya a 1770 yana kare sojojin Ingila da ake tuhuma da harbe mutane a Boston yace "facts are stubborn things", nufinsa gaskiyar abin da ya faru bata lanƙwasuwa don son ran wani. Akwai kuma stubborn stain, tabon da aka wanke aka sake wankewa ya ƙi fita. Wani abu kuma da nake yawan ji a bakin iyaye da malamai, yaro yana ƙiriniya yana tsalle-tsalle yana fasa abu sai ace "this boy is stubborn". A wajen masu harshen wannan naughty ne. Stubborn sai yaron da aka ce ya sha magani ya datse baki, aka yi lallashi aka yi barazana ya ƙi buɗewa.

TAMBAYA: Malama ni malamin makaranta ne, ɗalibaina kullum suna cakuɗa insist da persist da persevere, ni kaina in zan faɗi gaskiya bayanin da nake musu baya gamsar da ni. Ki taimaka da hanya mai sauƙi.

AMSA: Malam sannu da fama da yara, Allah ya biya. Biyun farko dole su rikita mutum don 'yan gida ɗaya ne, dukkansu daga kalmar Latin sistere suka fito mai nufin tsayawa ko tsayar da abu, haka resist ma, ita ma obstinate jijiyarta tana komawa kan tsayuwar ne. Kaga hoton da ke ciki ɗaya ne da namu na tsayin daka da tsayawa kai da fata, wannan kaɗai in ka faɗa wa ɗalibai zai taimaka musu su riƙe.

Yadda nake raba su shine insist aikin baki ne, persist kuma aikin lokaci ne. Wanda ya yi insist magana ya yi, yace lallai sai an yi kaza ko lallai abin da ya faɗa haka yake, kuma yana iya yin hakan sau ɗaya tak a zama ɗaya. "She insisted on paying", ta ce sam ita zata biya. Wanda ya yi persist kuwa ci gaba ya yi da abu bayan an hana shi ko bayan ya ci karo da cikas, dole akwai maimaici ko tsawon lokaci a ciki. "He persisted in calling her", ya nace da kiranta duk da an nuna masa ba'a so. Ka sa su lura da 'yar ƙaramar kalmar da ke biyo kowacce don nan ne ake yawan faɗuwa a jarrabawa, insist tana tafiya da on ko that, persist tana tafiya da in ko with, babu "insist in" babu "persist on". Sannan persist bata buƙatar mutum, ruwan sama yana iya persist, zazzaɓi yana iya, jita-jita ma haka, shi yasa a jikin kwalin magani ake rubuta "if symptoms persist", in ciwon ya ƙi tafiya kenan. Amma ba zaka taɓa jin zazzaɓi ya yi insist ba tunda bashi da baki.

Persevere ita daban take, asalinta per da severus, wato tsanani, kuma kusan kullum yabo ce. Ba'a cewa ɓarawo ya yi persevere a sata, ba'a cewa ciwo ya yi persevere. Sai mutum mai kyakkyawar manufa da ya sha wuya ya daure ya ci gaba, kamar ɗalibin da lissafi ke ba shi wahala bai gudu ba, "she persevered with her studies". Juriya da dagewa ne a haɗe. Shi yasa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kira motar binciken da ta sauka a duniyar Mars a watan Fabrairun 2021 da suna Perseverance, ba zasu taɓa sa mata Obstinacy ba ai. A wajen furuci kuma nauyin yana kan gaɓar ƙarshe, pa-si-VIYA, kuma a rubutu babu r tsakanin se da vere, yara da yawa "perservere" suke rubutawa, ka duba littattafansu zaka gani.

Persist ce mai fuska biyu a cikinsu, kuma akwai labarin da ke nuna hakan ƙarara wanda ɗalibai manya zasu ji daɗinsa. Ranar 7 ga Fabrairun 2017 a majalisar dattawan Amurka ana muhawara kan tabbatar da Jeff Sessions a matsayin antoni janar, Sanata Elizabeth Warren ta tashi tana karanta wata wasiƙa da Coretta Scott King, matar Martin Luther King, ta rubuta a 1986 tana sukar shi Sessions ɗin, sai aka yi amfani da dokar majalisa aka hana ta ci gaba da magana. Jagoran masu rinjaye Mitch McConnell da yake kare matakin yace an gargaɗe ta, an yi mata bayani, "nevertheless, she persisted". Shi laifinta yake faɗa, wato ta yi kunnen ƙashi. Kafin gari ya waye magoya bayanta sun ɗauke kalmomin nan uku sun mai da su kirari, aka dinga buga su a riguna da alluna, ma'anarsu ta koma duk da haka bata ja da baya ba. Ko harafi ɗaya ba'a canza ba, masu faɗa ne kawai suka canza.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki duba min wannan, raina a ɓace yake. Shugabata a wajen aiki ta rubuta min takardar shaida zan nemi sikolaship, a ciki ta sa "her dogged determination". Ni dai dog na gani, kare fa kenan. Ina ganin mutuncinta sosai, me na yi mata zata haɗa ni da kare? Ko in ce ta canza?

AMSA: Ƙanwata kwantar da hankalinki, kar ki ce ta canza komai, matar nan yabonki ta yi kuma yabo mai tsada. Gaskiya ne kalmar daga dog ta fito, kuma a tsohon Turanci shekaru ɗaruruwa da suka wuce ma'anarta mummuna ce, mugun hali da faɗa irin na kare mai cizo, amma daga wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta juya ta koma kan wani halin karen daban, wato yadda karen farauta in ya ɗau sawu baya fasawa ko ya gaji ko dare ya yi. Yau in Bature yace dogged determination ko dogged pursuit babu wanda kare ke zuwa masa a rai, abin da yake ji shine mutum mai bin abu a hankali ba hayaniya ba gajiyawa, yau da gobe, har ya cimma. Irin kalmar da ake yaba ɗan jarida mai bincike da ita ko lauyan da ya shekara yana bin shari'ar wanda aka zalunta. Masu tantance sikolaship sun san nauyinta, kuma a ganina ta ma fi hardworking da kowa ke samu a takardarsa.

Ki kula da furucinta don in an kira ki intabiyu, gaɓa biyu ce, DO-gid. Akwai wata mai rubutu iri ɗaya amma gaɓa ɗaya, dogd, ita aikatau ce kuma ma'anarta abu marar daɗi ya dinga bin mutum, kamar "he was dogged by injury", rauni ya addabe shi ya ƙi barinsa. Wannan ba ita aka rubuta miki ba.

'Yar'uwarta ta kusa ita ce tenacious da na ambata a sama, daga tenere na Latin mai nufin riƙewa. Bambancinsu ɗan kaɗan ne amma akwai shi, dogged tafiya ce mai nisa da ba'a tsayawa, tenacious kuma riƙo ne da ba'a ɓamɓarewa, kamar kaska a jikin saniya. Shi yasa ake cewa tenacious grip ko tenacious memory ga mai ƙwaƙwalwar da bata sakin abu. Akwai kuma pertinacious, tushensu ɗaya amma ita ta fi karkata ga nacin da ya fara isar mutane, ba kasafai ma zaki ji ta a baki ba sai a tsofaffin littattafai. Inda kare ke fitowa da ɗan zolaya shine in aka ce miki "like a dog with a bone", wato kin kama magana ɗaya kin ƙi sauka daga kanta, wannan tsakanin abokai ake faɗa kuma rabi yabo ne rabi gajiya.

TAMBAYA: Malama headstrong yabo ne? Wani abokina yace min haka ne ni, na ɗauka yana nufin ina da ƙarfin ƙwaƙwalwa har na yi masa godiya.

AMSA: A'a ɗan'uwa, ba ƙwaƙwalwa yake nufi ba. Headstrong shine mai yin gaban kansa, wanda in ransa ya raya masa abu sai ya afka ba tare da jin shawara ba, kuma yawanci matasa ake faɗa wa, akwai gaggawa da zafin kai a cikinta wanda babu a stubborn. Shi stubborn zama yake ya ƙi motsi, headstrong kuwa gudu yake ya ƙi tsayawa. Ba zagi mai zafi bane, abokinka na iya faɗa cikin ƙauna, amma dai jan kunne ne.

Tunda ka taɓo masu head bari in haɗa maka sauran. Pig-headed zagi ne kai tsaye, taurin kai haɗe da wauta, kar ka kuskura ka faɗa wa wanda kake jin nauyinsa ko ka sa a rubutun ofis. Bull-headed kusan haka take sai dai ita akwai tunkuɗe mutane a ciki irin na bijimi. Mulish daga mule ne, alfadari, kuma "as stubborn as a mule" karin magana ce da kowane mai jin Turanci ya sani. Hard-headed ce mai santsi, a Ingila galibi tana nufin mutum mai lissafi da baya bari tausayi ko zumuɗi ya ruɗe shi, kamar hard-headed businessman, amma a Amurka ana yawan amfani da ita da ma'anar taurin kai, don haka sai ka duba wa ke magana. In kana son mai kyau a wannan layin strong-willed ce ko single-minded.

TAMBAYA: Likita ya rubuta wa mahaifiyata "persistent cough" a kati. Shin yana nufin tarin ya yi tsanani ne? Kuma meye bambancinsa da consistent?

AMSA: Allah ya ba Mama lafiya ya sa kaffara ne. Persistent a bakin likita ba maganar tsanani bace, maganar daɗewa ce, tari ne da ya ƙi tafiya ko yake tafiya yana dawowa, yana iya zama ɗan ƙaramin tari ma amma ya ɗau makonni. In tsanani yake nufi severe zai rubuta, in kuma ciwon ya zama na zama da shi wata da watanni ko shekaru sai ace chronic. Dan Allah kar a yi wasa da shi don an ga ba mai ƙarfi bane, tarin da ya wuce mako biyu yana cikin alamomin da ake cewa a je a yi gwajin tarin fuka, duk gwajin da likitan ya rubuta a daure a yi shi.

Consistent kuma wata aba ce daban duk da sun yi kama a kunne. Ita daidaito take nufi, abu ya dinga zuwa iri ɗaya ba hawa da sauka. Ɗalibin da kullum yake cin maki saba'in consistent ne, wanda ya faɗi sau uku ya sake zama na huɗu shine persistent. Kuma kamar yadda kika gani a katin Mama, persistent in ta hau kan abin da ba'a so to ƙorafi ce zalla, persistent rain, persistent offender ga mai laifin da ake kamawa yana komawa, har da sinadaran da ake kira persistent organic pollutants irin su maganin ƙwari na DDT waɗanda basa ruɓewa a ƙasa da ruwa sai su shekara da shekaru, su ne aka yi yarjejeniyar Stockholm a 2001 don taƙaita su.

TAMBAYA: 'Yata, ni dattijo ne mai sauraron labaran duniya da Turanci tun ina saurayi. Kullum in ana maganar sulhu ko yajin aiki sai in ji adamant, in ji intransigent, wani lokaci die-hard. Na san duk ƙin yarda ne amma ina son in san wanne ya fi wanne.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai don waɗannan ukun kowacce da tarihinta. Adamant daga Girkanci take, adamas, abin da ba'a iya rinjaya, da can sunan wani dutse ne da ake ganin babu abin da ya kai shi tauri, kuma daga wannan tushen ne kalmar diamond ta fito. Idan aka ce minista "is adamant that he will not resign" to ya ƙeƙasa ƙasa kenan yace ba zai sauka ba. Abin lura shine adamant bata yanke hukunci, bata ce yana da gaskiya ba bata ce bashi da ita ba, kuma kan magana ɗaya take tsayawa ba halin mutum gaba ɗaya ba, shi yasa 'yan jarida ke sonta, suna iya faɗinta ba'a ce sun ɗau ɓangare ba.

Intransigent kuwa akwai zargi a cikinta. Daga Sifaniyanci ta shigo Turanci, a 1873 lokacin jamhuriya ta farko a Sifaniya akwai wani ɓangare na 'yan jamhuriya masu zafin ra'ayi da ake kira los intransigentes, waɗanda basa yarda a haɗu a tsakiya. Har yau ma'anarta kenan, ƙin sassautawa a teburin sulhu. In Baba ya lura a labarin yajin aiki gwamnati zata ce ƙungiya ce intransigent, ƙungiya tace gwamnati ce, ba zaka taɓa jin wani ya kira kansa da ita ba, kansa sai yace firm ko principled. Don haka duk sanda ta fito a labari yana da kyau a tambaya daga bakin wa ta fito, in mai karanta labaran ne da kansa ya faɗa ba tare da jingina ta ga kowa ba to ya ɗan karkata.

Die-hard abin da ya yaɗa ta yaƙi ne. A 1811 a fafatawar Albuera a Sifaniya tsakanin Faransa da sojojin ƙawance, kwamandan runduna ta 57 ta Ingila Kanar William Inglis ya ji mummunan rauni amma ya ƙi a ɗauke shi, yana kwance yana ce wa yaransa "die hard", wato kar ku mutu da arha, daga nan aka laƙaba wa rundunar Die-Hards. Daga baya ta shiga siyasa tana nufin 'yan a-mutu da basa karɓar canji, yau kuma har magoya bayan kulob ɗin ƙwallo ana ce musu die-hard fans, waɗanda ko ana cin kulob ɗin kullum suna nan. Akwai ta huɗu da Baba zai iya ji, recalcitrant, asalinta daga kalmar Latin ta diddige, dabbar da ke harbi da ƙafar baya in an ja ta, ana faɗinta ga na ƙasa da ya ƙi bin umarnin na sama.

TAMBAYA: Malama a wani taron horaswa mai jawabi ya yi ta maimaita grit, grit, wai ita ce sirrin nasara. Na duba naga tsakuwa take nufi. Ya abin yake?

AMSA: Duka biyun daidai ne 'yar'uwa. Asalin grit ɓarɓashin dutse ne ko yashi mai kaushi, irin wanda ke shiga takalmi ko ido, daga nan Turawa musamman na Amurka suka ara ta ga mutum mai taurin zuciya da wuya bata narkar da shi. Tsohuwar ma'ana ce, amma wadda ta dawo da ita bakin masu jawabi ita ce Angela Duckworth, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Pennsylvania, ita da abokan aikinta suka fitar da bincike a 2007 sannan ta yi littafi a kai a 2016. Ta fassara grit da ƙaunar abu haɗe da juriya a kan buri mai nisa, kuma cikin waɗanda ta gwada har da sababbin ɗaliban makarantar soja ta West Point, inda ta ga masu yawan grit sun fi jure horon farko mai tsanani ba tare da sun gudu ba. Sai dai ni ban yarda a ce ita kaɗai ce sirrin nasara ba, wasu masanan da suka sake bin alƙaluman sun nuna tasirinta bai kai yadda ake zuzutawa ba kuma ta yi kama sosai da halin kula da aiki da aka daɗe da sani, ga shi kuma yaron da bashi da malami nagari ko lafiya ko abin karatu ba adalci bane a ce masa grit ce ya rasa.

A wajen amfani, suna ce da ba'a ƙirgawa, "she has grit" ko "she showed real grit", ba'a cewa "a grit" ko "grits" da wannan ma'anar. Sifarta gritty, kamar gritty performance ga 'yan wasan da suka sha wuya suka ƙwaci nasara da ƙyar. Kar ki haɗa ta da resilient da su ma masu jawabin ke so, ita resilient daga kalmar Latin ta yin tsalle a dawo baya take, wato wanda ya faɗi ya miƙe ya koma yadda yake, farfaɗowa kenan bayan bugu, grit kuma ci gaba da tafiya ne ana cikin bugun. Akwai kuma "grit your teeth", a nan aikatau ce, cije haƙora a daure, kuma in abin ya riga ya wuce gritted ake cewa da t biyu, "she gritted her teeth and carried on".